Faifan da Ya Tashi Kwamfutocin Assakio

Har gobe ban manta ranar da muka buɗe kwalayen nan a sito ba. Litinin ce, cikin damina, ina mataki na takwas a lokacin, kuma ni kaɗai ce mai gyaran kwamfuta a cibiyarmu ta horar da malamai da ke Lafiya. Ku da kuka shigo aiki bayanmu kun tarar da sashe guda mai mutum biyar. A wancan lokacin teburi ɗaya ne a lungu, da sukundireba biyu, da ni.

Wata ƙungiya ce ta ba mu kyautar tsofaffin kwamfutoci ashirin da huɗu. Tun kafin su iso an riga an sanar da malaman firamare na yankin Assakio cewa za a yi musu horon mako biyu a kansu, kuma takardar shaidar horon tana cikin abin da za su nuna kafin a bar su su zauna jarrabawar ƙarin girma. Ka'idar aiki ita ce, duk kayan da ya shigo sai mai sito ya ƙirga, ma'aikacin da ya san kayan ya gwada ya sa hannu, sannan a shigar da shi littafi. Mai sitonmu Baba Ayuba ne, dattijo ɗan Eggon da ya fi kowa daɗewa a ofishin.

Na jona ta farko na kunna. Fanka ta juya, allo ya kawo haske, sai baƙin rubutu cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ta biyu haka, ta uku haka. Da na kwance murfin ta huɗu sai na ga rami a inda rumbun ajiya yake zama, wato ɗan akwatin ƙarfen nan da babbar manhaja da duk wani rubutu suke ciki. Waɗanda suka ba mu kyautar sun cire nasu don kada bayanansu su fita. Duka ashirin da huɗun haka suke.

Baba Ayuba ya leƙa ciki ya ce, "'Yata, wannan ai kamar an ba ka mota babu inji ne."

Na ce, "Injin yana nan, Baba. Wurin ajiya ne babu."

Na kai rahoto wurin Darakta, Alhaji Dauda. Mutum ne mai son aiki ya bi layi, ba ya son abin da zai sa a kira shi daga sama. Ya karanta ya ce sayen rumbu ashirin da huɗu sai an rubuta an nemi amincewa, kuma fayil ɗin ba zai dawo kafin wata uku ba. Saboda haka in rubuta cewa kayan ba su da amfani, a miƙa su ga kwamitin tantance kaya, wanda shi ne ke yanke wa tsofaffin kayan ofis hukuncin gwanjo. Horon kuma a yi shi a allo da alli.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba mutum shaidar ya iya kwamfuta bai taɓa ta ba?"

Ya ce, "To ke, Rakiya, me kike da shi?"

Na gaya masa akwai hanyar da ake ɗora babbar manhaja gaba ɗaya a kan faifan sidi, kwamfuta ta tashi daga faifan ta yi aiki ko babu rumbu. Na taɓa gani a makaranta, wani malaminmu ya yi da Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya ɗauka ya gyara. Abin da ban gaya masa ba shi ne ban taɓa haɗa irinsa da hannuna ba. Ya ba ni kwana goma, ya ce in rubuta a fayil cewa ni na nema.

Da farko na ɗauka nema kawai zan yi. Na sauke wanda aka riga aka haɗa daga intanet, abin da ya ci mini yini biyu saboda layin yana yankewa. Ya tashi, amma ya yi wa kwamfutocin nauyi. Idan na danna abu sai na sha ruwa na dawo kafin ya buɗe. Na nemo wani mara nauyi, shi kuma ba shi da manhajar rubutu ta kirki, bai san firintarmu ba, kuma babu yadda za a yi a buga ƙ ko ɗ ko ɓ. Malamin da zai rubuta sunan ɗalibarsa Ɗayyaba ba zai iya ba. Na gwada tashinsu daga filash, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, suka ƙi, domin sun tsufa da wannan. A rana ta huɗu na yarda cewa abin da nake nema babu shi, sai dai in haɗa.

Aikin kamar tankaɗe ne. Ana buɗe manhajar a kan wata kwamfuta mai lafiya, a cire duk abin da ba a buƙata, a ƙara wanda ake so, a sake dunƙule ta wuri ɗaya, sannan a buga a faifai. Na cire wasanni da harsunan ƙasashen da ba mu da alaƙa da su. Na saka manhajar rubutu, da ta jadawalin maki, da ta koyon buga haruffa. Na shirya maɓallai yadda mutum zai danne wani maɓalli ya buga k ya sami ƙ. Na kuma tsara ta yadda za ta kwafe kanta cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar idan ta tashi, a zare faifan a kai wa ta gaba. Ke nan faifai uku sun ishi ɗaki guda.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Na farko da na buga bai tashi ba. Na biyu ya tashi ya tsaya a tsakiya. Na uku na cire abin da bai kamata ba, linzamin kwamfutar, wato maus, ya daina motsi. Baba Ayuba ya riƙa tara mini lalatattun a kan taga, yana cewa zai kai gona ya rataye su kori tsuntsaye. Sai a na shida na gane cewa ina buga faifan da sauri ne, tsofaffin injinan karanta faifai kuma ba sa iya bin sa. Na rage gudun zuwa mafi ƙanƙanta. Na bakwai ya tashi cikin minti uku, da sunan cibiyarmu a fuskar allo. Na zauna ina kallonsa har Baba Ayuba ya tambaye ni ko lafiya.

Kwamfutoci shida injin faifansu ya mutu. Muka shiga bayan sito muka kwance na wasu matattun kwamfutoci, muka ceto biyu. Ashirin ke nan. Darakta ya zo ya zauna, ya buga sunansa da yatsa ɗaya, firinta ta fitar. Ya sa hannu a takardar fitar da kaya, muka loda su a motar ofis zuwa Assakio.

A wani aji aka jera su, da janareta a waje. Malamai talatin da wani abu ne, wasu biyu-biyu a kwamfuta ɗaya. A layin gaba akwai Madam Ngunan, shugabar wata firamare, 'yar Tibi, mace mai kusan shekara hamsin wadda ta sha faɗuwa a ƙarin girma saboda wannan takarda. Ta zo da rajistar makarantarta, ta ce ita ba za ta ɓata lokaci tana buga abin banza ba, sunayen ɗalibanta za ta shigar. Ta fi awa ɗaya tana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowane suna a fili. Ta kai suna na arba'in, sai janareta ya yi tari ya mutu.

Da aka tayar da shi na bi su da faifai ɗaya bayan ɗaya. Allonta ya dawo fes, babu ko harafi. Ni na san haka zai faru, domin abin da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi yana tafiya da wuta. Na sani tun a Lafiya, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin me hakan ke nufi ga wanda ya zauna yana aiki ba.

Ta kira ni da irin Hausarta, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Injiniya, zo ka gani. Yarana sun tafi ina?"

Na fara yi mata bayanin rumbu da ƙwaƙwalwa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ni ban tambaye ka wannan ba. Littafin nan nawa, ruwa ya taɓa shi, ɓera ya taɓa shi, amma suna yana nan. Naka kuma wuta ya ɗauke minti ɗaya, komai ya tafi. To me ya sa zan koya?"

Wasu malaman suka fara rufe littattafansu. Kunyar da na ji a gabanta ta fi wadda zan ji a gaban Darakta.

Labari ya riga ni isa Lafiya. Alhaji Dauda ya ce na yi ƙoƙari, amma a koma allo da alli, kada malamai su kai ƙara. Na roƙe shi kwana ɗaya tak. Ya ce, "Idan ya sake faruwa fa?" Na ce to ni da kaina zan rubuta takardar gwanjon. Ya daɗe yana juya biro, sannan ya ce Talata a yi darasin baki, Laraba a gwada.

Abin da nake buƙata shi ne wurin ajiya, komai ƙanƙantarsa. Baba Ayuba ne ya tuna akwai filash a wani kwali, ragowar waɗanda aka raba a wani taron bita. Muka ƙirga, ashirin da biyu. Kwamfutocin ba sa tashi daga filash, amma suna iya ajiye rubutu a ciki. Ranar Talata tun safe na sake buɗe manhajar. Na sa ta nemi filash da kanta idan ta tashi, ta riƙa ajiye duk abin da ake bugawa bayan kowane minti ɗaya ba tare da an ce mata ba, kuma idan wuta ta dawo ta buɗe aikin ƙarshe a gaban mutum. Na kira Madam Ngunan a waya na tambaye ta me kuma ya dame ta jiya. Ta ce rubutun ya yi ƙanana, kuma hotunan da ke allon sun yi yawa, ba ta san wanne za ta taɓa ba. Na ƙara girman haruffa, na bar hoto huɗu kawai, kowanne da sunansa da Hausa da Turanci. Na gwada sau biyar a ofis, ina zare waya daga bango da hannuna. Kafin la'asar na buga faifai uku.

Ranar Laraba Darakta ya biyo mu Assakio, abin da bai saba ba. Na soka filash a bayan kowace kwamfuta, na tashe su. Madam Ngunan ta zauna ta harɗe hannu. Na ce mata, "Madam, ki yi haƙuri ki sake gwadawa sau ɗaya." Ta dube ni ta dubi Darakta, ta buɗe rajistarta.

Na bar su suka yi kusan minti arba'in. Sannan na fita na ce wa mai kula da janareta ya kashe. Ya ce, "Da gangan?" Na ce da gangan. Allunan suka mutu gaba ɗaya, ajin ya ɗauki salati da kiran sunan Yesu a haɗe. Darakta ya juyo ya kalle ni. Aka tayar da janareta, na fara da ta Madam. Minti ukun nan da faifan yake ɗauka, na tsaya a bayanta ina kallon allon.

Shafin ya buɗe. Ta matso da tabarau, ta sa yatsa a allo tana bin sunayen tana karantawa, tun daga na farko har ƙasa. Da ta kai ƙarshe ta tsaya.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Terkimbi bai dawo ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Ba komai. Shi ko a makaranta kullum a makare yake zuwa."

Ajin ya fashe da dariya, har Darakta. Ta gyara zama ta buga sunan yaron, ta wuce na gaba.

An yi mako biyun cif. Janareta ya mutu sau da yawa, babu wanda ya sake ɗaga kai. Madam Ngunan ta tafi da sunayen ɗaliban makarantarta duka a buge a takarda, kuma a zagaye na gaba ta sami ƙarin girmanta. Kwamfutocin sun horar da rukuni huɗu kafin rumbunan da aka nema su iso.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan shi ne, faifan farko da na kai Assakio ba shi da aibi ko ɗaya ta fuskar sana'a. Ya tashi, ya yi sauri, ya yi duk abin da na ce zai yi. Amma na gwada shi ne a ofis, ni kaɗai, a kan teburin mutumin da ya san inda matsala take ya kauce mata. Mu masu wannan aiki muna yawan ɗauka mun gama idan na'ura ta tashi, alhali a nan ne aikin mai amfani da ita yake farawa. Kuma mutanen da muke yi wa aiki ba su jahilci abin da suke so ba, ko da ba su san sunansa ba. Wanda ya yi muku faɗa a kan aikinku, ku ja kujera ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi me kuma ya gani. Ni dai tun daga ranar ban sake sa hannu a kan wani aiki cewa ya kammala ba, sai na ga wanda bai iya ba ya zauna a kai, na kuma kashe wutar da kaina.