Reshen Kawu

Jiya a ɗakin gwaji, sakamakon wani bincike ya sa ni hawaye. Na tattaro ganyen wani itace mai farin fure mai ƙamshi daga gidajen Konni, Malbaza da Tsarnawa, ina duba ƙwayoyin gadonsu don in ga iri nawa muke da su. Yawancinsu suka fito iri ɗaya sak, wato rassan itace guda ne. Abokin aikina ya ɓata rai, ya ce cuta ɗaya za ta iya share su duka. Gaskiya ya faɗa. Amma ni na san itacen.

Yana bakin rijiyar garkar Kawuna a Badaguishiri. Mutane sun sha yi wa Kawu dariya, wai yana ɓarnar ruwa a kan abin da ba a miya da shi. Sai dai baƙo ba ya fita daga garkar nan hannu sake, sai da reshen itacen.

Ranar da zan tafi jami'a, ya yanko reshe da 'yar wuƙarsa, farin ruwa kamar nono yana ɗiga a yatsunsa. Ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma mai ƙamshin ƙasa, ya ce, "Tahi da shi, ɗiyata. In ya kama, ki yanka ma wani."

Ashe duk wanda ya ba reshe ya ji maganarsa.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Yadda ka shuka mana inuwa a ƙofar gidajenmu, Allah ya ba ka wadda ta fi ta.