Kujerar Bayan Direba

Har yau idan bas ya tsaya ya saki numfashin birki, sai in ga kaina a unguwar Malaz, can ƙasar Larabawa, ina 'yar shekara tara, riƙe da gefen abayar Umma.

Baba ne direban 'yan matan kwalejin gwamnati ta unguwarmu. A lokacin kwalejin gidan haya ce mai hawa biyu, tagoginta a rufe da ƙarfe. Ba a barin namiji ya ɗauki ɗalibai mata shi kaɗai, don haka Umma ke zama bayansa kullum, ni kuma in lafe a jikinta duk ranar da ba mu da makaranta. Ki rufe ido ki ji: turaren wuta a jikin abayoyi, sanyin kwandishan, dariya ƙasa-ƙasa. Nakan zaɓi ɗaya a cikinsu in ce ni ce, har in ƙaga mata masoyi mai jiran ta gama karatu.

"Yalla ya ammi, mun makara!" in ji su, wato kawu yi sauri.

"Ku da kuka tsaya shafa kwalli?" Baba zai amsa da Larabcinsa mai ƙamshin Kano, su kwashe da dariya.

A gabansa kwalejin ta girma. Bas ɗaya ya zama huɗu, aka ƙara sashen kwamfuta, aka soma ginin dindindin a bayan gari. Bai taɓa wuce ɗakin mai gadi ba, amma "kwalejinmu" yake cewa. Lissafinsa mai sauƙi ne: wanda ya yi wa gida hidima shekara da shekaru, ba za a rasa wa 'yarsa kujera ba. Bai taɓa tambayar kowa ba. Mu ma ba mu tambaya ba.

Bazarar da na gama sakandare, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a ya kai ni sabon ginin. Matar da ke rajista ta san ni tun ina ƙarama. Ta juya iƙamata, katin izinin zamana na baƙuwa, a hannunta, ta daɗe tana kallo.

"Habibti, gurbin na 'yan ƙasa ne. Wallahi ba a hannuna yake ba."

Na fito rana na dukan kwalta. Baba na tsaye a inuwar katanga, yana murmushi tun daga nesa.

"Uwata, wane sashe suka ba ki?"

Na girgiza kai. Ya dube ni, ya dubi ginin, murmushin ya sauka a hankali.

"Laifina ne," ya ce. "Na ɗauka sun ƙirga da mu."

Washegari ya tashi ya ɗauko 'yan matansa kamar kullum. Bayan shekara aka ba wani kamfani jigilar, muka tattaro muka dawo Kano.

An ce yanzu kwalejin ta zama gari guda, ɗalibanta da yawa su ke tuƙa kansu. Ni a nan Kano na yi karatuna, a makare, bayan Baba ya kwanta dama. Ranar da aka miƙo min takardar shiga, na tsaya a bakin ƙofa na rasa wa zan faɗa wa sashen da aka ba ni.