Ranar da Yayana Ya Kalli Alhaji Cikin Ido

Shekarun baya, bayan wata damina da gero bai yi ba, fasto ya sanar a majami'armu ta Korgom cewa wata ƙungiyar agaji ta kawo furoje, wato shirin taimako, Tasawa. Wai za a koya wa marasa aiki yadda ake magana a samu aiki. Ni da yayana muka tafi. Ni dai, gaskiya, shinkafar da ake rabawa da rana ce ta kai ni. Shi kuwa da gaske ya je, don rumbunsa ya ƙare, in bai samu abin yi ba sai Libiya.

A lokacin wani Alhaji mai magazar ajiye wake, abokin marigayi babanmu, yana neman mai gadi. Kawunmu ya riga ya ce zai je ya roƙa wa yayana, kamar yadda aka saba: babba ke nema wa ƙarami.

Malamin da aka ɗauko daga Yamai, wanda muke kira mushe, ya ce wannan tsohon yayi ne. "Ka je da kanka. Ban da durƙuso. Miƙa hannu, ka kalli mai gida cikin ido, ka faɗi abin da ka iya." Yayana, mutumin da ko sunan ɗansa na fari ba ya kamawa, aka tsayar da shi yana yabon kansa ana tafa masa. Har da ni a masu tafin.

Yayana ya ce wa kawu ya huta, na raka shi. Muka tarar da Alhaji kan tabarma tare da dattawa. Yayana ya tsaya ƙiƙam, ya miƙa hannu, ya zuba masa ido. "Alhaji, ni mutum ne mai gaskiya da ƙwazo."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Ubanka bai taɓa tsaya mini bisa kai ba. Kuma mai gaskiya ba shi hwaɗi da bakinai. Tahi, mu neme ka."

Aka ba wani aikin. Da muka gaya wa mushe, dariya ya yi, ya ce Alhajin ne ke buƙatar horo, ya shige motarsa mai sanyi.

Har yau raina na ɓaci in na tuna. Ban ce taimako laifi ba ne. Amma a ɗebo kuɗin agaji a zo garin mutane, a kasa tambayar ko tsohuwa ɗaya yadda ake neman abu a nan? Da ta ce musu yabon kai jahilci ne. Suka gwada iliminsu a kan talaka, suka tafi.

Yayana ya yi Libiya, ya dawo lafiya, yanzu yana da amalankensa. Hotonsa kuwa ya daɗe a allon furojen bakin hanya, yana murmushi cikin waɗanda wai aka ceto. Ɗiyar da ya bari a goye, ranar da ya dawo, ɓuya ta yi bayan uwarta tana tambayar wane ne baƙon.