Igiyar Tanti a Falonmu na Wangsa Maju

Ni dai tun farko ban so tafiyar nan ba. Mutum yana zaune a gida mai fanka da ruwan famfo, sai ya ɗauki ƙafa ya tafi daji ya kwana a ƙasa, wai shi hutu. Amma maigidana ya ga 'yan ajinsu Malayawa suna yi duk ƙarshen zangon karatu, ya dawo ya cika mini kunne da labarin dazuzzukan arewacin jihar Perak kamar can aka binne cibiyarsa. Abin da ya rufe mini baki shi ne yayana, da ya ce shi ma za shi.

Yaya ya zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku a bayanmu. Kafin zuwansa 'yan bindiga sun tare motarsu a hanya, suka shiga daji da shi, ya yi watanni a ɗaure. Da ya dawo, ciwon jiki bai dame shi kamar kallon mutane ba. Duk inda ya shiga sai a rage murya, a bi shi da sannu. Abokan da suke zaginsa tun suna firamare suka koma gaishe shi kamar surukinsu. Ranar da muka ɗauko shi daga filin jirgi ya sa ni da maigidana muka yi masa alkawarin ba wanda zai ji labarin nan a ƙasar nan. So yake ya koma mutum kamar kowa, wanda za a yi wa tsiya ya rama. Duk zafin garin nan riga mai dogon hannu yake sawa, saboda tabon da ke wuyan hannunsa.

Ya kuwa samu abin da yake nema a wurin wani Bazazzagi ɗan sashensu, gajere mai baki kamar rediyo, da ke zaune a unguwar Sentul. Mu Kanawa ne, to kun san tsakaninmu da Zagezagi sai wasa. Tun ranar da suka haɗu yake kiran Yaya bawansa. Ya ce Bakano ko a Aljanna sai ya kasa kaya. Yaya ya ce Bazazzagi ko ruwa zai roƙa sai ya yi gabatarwa da kammalawa. A bakin wannan ɗan surutun na sake jin dariyar Yaya, irin wadda yake yi har da buga cinya. Saboda haka nake zuba masa abinci da yawa, duk da yana cika ni da magana.

Wata Asabar bayan la'asar suka taru a falonmu na unguwar Wangsa Maju don a zaɓi inda za a kafa tanti. Na tura yara gidan maƙwabciya, maigidana ya yo tapau, wato ƙunshin roti, gurasarsu, daga mamak, shagon abincin da ke ƙasan bene, na dafa shayi. Tantin da suka aro yana baje a ƙasa da turakunsa da igiyoyinsa, kwamfuta tana kan teburin gilashi.

Wuri na farko a bakin titi yake, da banɗaki da wutar lantarki da ɗan masallaci. Bazazzagin ya ce, "Haba, wannan ai tashar mota ce. Gara mu kwana a parking ɗinku."

Na biyu kusa da inda ruwa ke zubowa daga dutse ne. Waɗanda suka je sun rubuta cewa matsattsaku sun yi yawa, kuma kogin yana cika farat ɗaya ko ba hadari. Na ce wallahi ba da 'ya'yana ba, duk mai son a tsotse masa jini ya je shi kaɗai.

Na uku shi ne ya tafi da hankalin mazan. A can ƙetaren wani babban tafki yake, wajen iyaka da Tailan. Jirgin ruwa ne ke kai mutane ya juyo, waya ba ta kamawa, itatuwa sun rufe sama, a wani hoton har da kashin giwa a bakin ruwa. Maigidana yana ta "Masha Allah", Bazazzagin yana tafi.

Yaya ya matso kusa da kwamfutar. "Hanya nawa ce ke shiga wurin?"

"Hanya kuma? Boat ne kawai, lah," in ji Bazazzagin da irin maganar Malayawa.

"Ta baya fa? Babur yana iya zuwa?"

"Wane babur a cikin wannan ƙungurmin daji?"

"To idan jirgin ya tafi, su wa suka san muna can?"

Na ga zufa ta jiƙa masa wuya alhali fanka na kansa. Na ce a sha shayi kada ya huce, na harari maigidana, amma idonsa yana kan hotuna. Bazazzagin kuwa ya samu abin yi. "Kun ji Bakano! Tsoro yake a sace shi. Wa zai saci Bakano? Ai cikin kwana ɗaya zai sayar wa ɓarayin da takalmansu."

Yaya ya yi murmushi, har ya buɗe baki zai rama. Bai ga lokacin da mutumin ya sunkuya ya ɗauki igiyar tanti ya zagayo ta bayan kujera ba. Ni na gani, amma ina riƙe da butar shayi mai zafi, kafin in sami inda zan ajiye ta ya riga ya kamo hannayen Yaya ta baya ya zarga musu igiya, yana dariya. "Na kama bawana! Sai Kano ta biya fansa!"

Ƙarar da ta fito daga bakin Yaya ban taɓa jin irinta ba. Ya wurga kansa baya, ƙeyarsa ta sami mutumin a hanci, na ji ƙas. Kujera ta kife. Ya fizge hannunsa, ya juyo ya ɗaga shi cak ya maka a kan teburin, gilashi ya tarwatse, kwamfuta ta yi gefe, shayi ya watsu har bango. Ya hau ruwan cikinsa yana kai masa naushi a fuska, hagu da dama, ba ya ko kallon inda yake duka. Jini ya fantsama a kan tantin. Bazazzagin yana cewa, "Wasa ne, wallahi wasa ne," har bakinsa ya cika ya daina magana. Na kama rigar Yaya ina kiransa, ya hankaɗe ni na bugu da firji, hannun rigar ya biyo ni a yage. Sai na ga ya lalubo turken tanti, na ƙarfe, ya ɗaga.

Maigidana ya faɗa masa ta baya ya rungume shi, suka zube tare a cikin gilashi. Yana ihu a kunnensa, "Ba su ba ne! Ka dawo gida, an sako ka, ba su ba ne!"

Turken ya faɗi. Yaya ya zauna dirshan yana haki. Bazazzagin ya ɗago da ido ɗaya da bai kumbura ba, ya dubi maigidana, ya dubi hannun Yaya da ke tsirara, da zoben tabon igiya fari fat a wuyan hannun. Na ga lokacin da ya gane. Na ji haushin maigidana kamar in shaƙe shi don ya karya alkawari, alhali na san da bai yi ba da an yi kisa a falona.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maigadin bene ne, maƙwabta sun kira shi. Bazazzagin da kansa ya ja jiki ya buɗe, da tawul a fuska, ya ce masa cikin Malayanci wasa suke yi ya faɗa kan tebur. Maigadin ya leƙa, ya girgiza kai, ya tafi. A asibiti aka yi masa ɗinki a leɓe, aka ce hancin ya karye, haƙori ɗaya kuma ya tafi.

Bayan ya warke suka sake zama kan maganar tafiya, ni na matsa a yi don a wanke abin. Yaya ya ba shi haƙuri tun a bakin ƙofa, Bazazzagin ya ce ba komai, shi ne da laifi. Da aka buɗe hotuna a waya, Yaya ya sa yatsa a kan wurin ƙetaren tafki, ya ce can yake so. Ya kalli abokinsa, ya ƙaƙaro dariya, ya ce, "Sai dai in Bazazzagi ne ke tsoron giwa. Ko da yake da wannan giɓin naka, ita za ta gudu."

Ina tsaye a ƙofar kicin ina roƙon Allah ya sa ya rama. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya.

"Haka ne, Malam. Amma ina ganin na bakin titin ya fi, saboda yara. Sai dai duk yadda ka ce. Allah ya ƙara lafiya."

Yaya ya tashi ya same ni a kicin, ya jingina da bango, idonsa jajir. Ya ce, "Ƙanwata, da ma ya fasa mini baki." Ya sa takalmansa ya sauka, ta taga na hange shi yana tafiya tashar jirgin ƙasa shi kaɗai.