Bunsuru a Waya

Taubashina ne ya mai da ni bunsuru a waya. Hotona na Sallah ya saka a wata manhaja: kana kallo gemuna zai zazzago, ƙaho ya fasa hula, baki ya kama tauna. Ya watsa wa jama'a. Lokacin kuwa ina neman auren wata bazawara a Toranke. Da na je zance, tana ganina ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga nan maganar ta mutu.

Na same shi a kasuwar Gaya yana shan rake, wai ai wasan taubasai ne.

Na ce, "Ɗan'uwa, ni sai da na'ura ta sha wahala na zama bunsuru. Kai hotonka kawai za a tura."