Kai Ɗaya Ya Rage Mata

A layin nan in aka ce Anti Mai Kitso, kowa ya san ƙofar. Ɗaki ɗaya ne da baranda, sai madubi mai tsagewa a gefe. Da can mata kan cika barandar tun hantsi. Ba ta kallon kai in tana kitso, hira take sha, hannu na aikinsa. Ta tsaga tsakiya, ta gama dama, hagu ta fito daidai kamar an auna. Ga ta da tsokana: "Ke, gashin nan naki sai an lallashe shi yake fitowa?" A kwashe da dariya, a dawo wani makon.

Sai da mijinta ya daɗe da rasuwa aka gano tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Mutane kuwa, ka san halinsu. Waɗanda suka sha shayinta suka koma gaishe ta daga bakin titi. Waɗanda suka daure kuma, hannunta ne ya kore su. Yatsu suka yi nauyi. Sai ta kai tsakiyar kai ta tsaya sororo, ta rasa inda ta dosa. Wata malamar makaranta ta taɓa tashi da ƙananan kitso a dama, manya a hagu, Anti ko lura ba ta yi ba.

Likita bai ɓoye mata ba. Ya ce ƙwayar ba ta shiga jijiyoyin ƙwaƙwalwa da kanta. Cikin ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwar take ɓuya, su kuma su harzuƙa su riƙa zubo guba, gubar ce ke cin jijiyoyin a hankali, har mantuwa ta shigo. Magani zai rage ɓarnar, amma ta makara wajen farawa, abin da ya tafi da wuya ya dawo duka.

Kai ɗaya ya rage mata, na Gwaggo, tsohuwar da ke sayar da sabulu a kwanar layi. Kowace Asabar sai ta zo ta zauna tsakanin gwiwoyin Anti. A mako kaf, ita kaɗai ke ƙetare ƙofar nan, kuma Anti na tsoron rasa ta fiye da yadda take tsoron ciwon.

Wata Lahadi tana dawowa daga shagon magani ta hango Gwaggo a wurin wata sabuwar mai kitso, ana tsefe aikinta na jiya ana sakewa. Ashe haka ake yi tun tuni. Abin ya soke ta ƙwarai.

Ta tare ta a hanya. "Gwaggo, sadaka kike mini da kanki?"

"Haba 'yar nan, zaman nake so."

"Ba na so. Kada ki ƙara tako mini ƙofa."

Gwaggo ta sunkuyar da kai ta wuce, kunya ta rufe ta. Ta kuwa kiyaye.

Asabar ta zagayo. Anti ta share baranda, ta wanke mataji, ta fito da man kitso ta zauna tana duban kwanar layi. Rana ta take, ta karkata. Maƙwabciyarta, wadda aka yi faɗan a kan idonta, ta fito kwashe shanya.

"Maman yara," in ji Anti, "ko kin ga Gwaggo? Ba ta taɓa saɓa mini Asabar ba. Allah ya sa dai ba wani ne ya ɓata mata rai ba."