Yamusa Mai Kiwon Fitilu

Ranar da Yamusa ya faɗa tafkin kifi a gidan Alhaji Abdulmajeed da ke Maitama, mutum sun fi hamsin a farfajiyar, kuma babu wanda bai ji ƙarar ba. An idar da sallar magariba ke nan, ana walimar ƙarin girman da Alhaji ya samu a ma'aikatarsu. Helen mai girki ta ɗora wa Yamusa kular zoɓo a ka, ta ce ya kai wa baƙi rumfa. Shi mai kula da lambu ne, amma ranar biki a gidan manya kowa ɗan aike ne.

Hanyar daga bayan kicin take fitowa, ta yi kwana a gindin mangwaro, ta sauka matakala uku, ga tafkin kifayen ado a hannun dama. Fitilun sola goma sha biyu ne a jere a gidan, ko ɗaya ba ta kama ba. Yamusa ya taka matakala ta farko, ya taka ta biyu, ta ukun kuwa har yau bai san inda ta shiga ba. Shi da kula suka isa ruwa tare. Da ya miƙe, ja wur yake tun daga furfura har gwiwa, wandonsa ya yage ta baya, takalminsa na roba ɗaya yana yawo a kan ruwa, kifayen Hajiya suna iyo cikin zoɓo.

Baƙi suka yi dariya. Wani mai babbar riga ya ce, "Anya dattijon nan bai biya ta gidan burkutu ba?"

Wannan Yamusa zai iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne na Hajiya Hadijatu, matar gidan. Ta iso da wayarta tana haska shi kamar an kama kura, kusa da ita ga Justice, mai ƙawata gidaje, wanda shi ya kawo fitilun ya dasa su.

"Madam, ai na gaya miki," in ji Justice. "Batiran ya cire, ya sa matattu."

Hajiya ba ta ko rage murya ba. "Shekara sha tara muna ciyar da ɓarawo ba mu sani ba. Ga shi Allah ya jefa ka a ramin da ka haƙa da kanka."

Yamusa ya kamo takalminsa, ya riƙe bayan wandonsa da hannu ɗaya, ya fita ta ƙofar baya.

Duk wanda ke zaune a layinmu a Karmo ya san Yamusa. Gajere ne, kafaɗunsa kamar turmi, kuma takalmin robar nan da shi yake zuwa coci, da shi yake zuwa suna, matarsa Christiana ta ce da za ta bari da shi zai kwana. Bagbagyi ne, ɗan asalin ƙasar Abuja, ɗan manoman doya. A wani ƙauye aka haife shi, can wajen da yanzu manyan gidaje suka cinye. Yana saurayi aka zo da motoci aka kwashe su, aka ce gari za a gina. Ya yi lebura, ya yi dakon bulo, daga ƙarshe ya koma kan ƙasar da ubansa ya yi wa kunyoyin doya, yana aske wa wasu ciyawa. In motar haya ta bi da shi ta wani shataletale, sai ya nuna ya ce nan rumbun kakarsa yake, fasinjoji su yi ta kallonsa kamar ya taɓu.

Ko aji uku bai gama ba, amma ya san rana kamar tare suka tashi. Ubansa ya koya masa kafin ka shuka abu ka kafa kara a ƙasa, ka wuni kana duba inda inuwarsa ta faɗi. Mangwaron gidan Alhaji ma shi ya dasa, tun yana ɗan tsiro a cikin leda, ya san inda inuwarsa take da hantsi da inda take kaiwa da la'asar. Furanni kuwa hira yake yi da su. Helen ta rantse ta taɓa jin yana yi wa wata fulawa faɗa don ta ƙi fitowa.

Shekarun nan ne da kuɗi ke yawo a Abuja, kowa na rushe katanga mai kyau don ya gina wadda ta fi ta. Hajiya ta je gidan ƙawarta ta ga 'yan fitilu masu kamar sanda, kowace da ɗan faranti baƙi a kanta, suna shan rana da yini su haska da yamma, ba waya ba janareta. Ta dawo ta kira Justice. Ya zo da takalmi mai tsini da hoto a waya. Abu na farko da ya yi, ya sa aka cire tsofaffin ƙwayayen lantarkin da ke kan hanyar lambu, wai sun tsufar da gidan. Sannan ya jera fitilunsa: biyar a kewaye da gindin mangwaro, huɗu a ƙarƙashin rufin baranda, uku a bakin get, daidai ƙasan babban ƙwan masu gadi. Matakala da bakin tafki bai ba su ko ɗaya ba.

Yamusa ya tsaya da tiyo a hannu, ya kasa shiru.

"Oga Justice, wannan abu ba rana take ci ba?"

"Rana take ci, Baba."

"To wa zai kai mata abinci a gindin mangwaro? Nan ko ciyawa ta ƙi zama."

"Baba, wannan dizayin ne. Daga titi ake kallonsa. Kai dai ka ci gaba da ban ruwa."

"Na get ɗin nan fa? Ƙwan nan yana kunne har safe. Za ta ɗauka gari bai yi duhu ba."

Justice ya dubi Hajiya ya yi murmushi. "Madam, gadinanki injiniya ne ashe."

Aka yi dariya, Yamusa ya koma wajen tiyonsa yana huci. Kwana biyu fitilun suka yi haske da ɗan abin da suka zo da shi daga kanti, a na uku suka fara lumshe ido tun kafin a kira isha'i.

Da wani ne, da ya bar su su mutu, a ga ƙarshen dizayin. Yamusa bai iya ganin abu yana yunwa a lambunsa ba. Sai ya ɗauki wata sana'a da babu wanda ya sa shi. Kullum da safe, in Alhaji ya tafi ofis, Hajiya ta tafi shagonta, sai ya bi fitilun yana tuge su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a baro, ya tura bayan gida wajen tankin ruwa inda rana ke wuni. Ya goge musu faranti da tsumma, ya jera su. Da la'asar ya kwaso su ya mayar da kowace raminta. Helen ce ta sa masa suna mai kiwon fitilu, ta kawo sunan har Karmo. Da ya shigo layi sai masu shayi su ce, "Baba Yamusa, ya garke? Sun ƙoshi?" Ya ce, "Sun fi ku hankali, ba sa yawan surutu."

Wata biyu yana wannan kiwo. Tara suna haske, ukun get ne dai suka ƙi, su ma babu wanda ya lura saboda ƙwan masu gadi. Ƙawayen Hajiya suka yi ta yaba Justice, har ya samu aikin gidaje uku a layin. Mai tura baro kuwa ko sannu.

Ana saura kwana biyar walima, Hajiya ta manta wani abu ta dawo gida da hantsi. Ta ci karo da Yamusa da baro cike da fitilunta, ya nufi bayan gida, inda ƙofar baya take.

"Ina za ka da su?"

"Rana zan kai su, Hajiya."

"Rana? Wadda ke sama ba ta ishe su ba?"

Ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu, ta kira Justice a waya. Justice ya ce ai haka masu aiki suke yi, su kwance batir mai kyau su kai kasuwa. Hajiya ta ce Yamusa ya mayar da su yanzun nan, kuma in ya sake taɓa ko ɗaya a bakin aikinsa. Ya mayar. Kwana biyar suna zaune a inuwa, ranar walima suka mutu gaba ɗaya, mai kiwonsu ya tafi tafki.

Labari ya riga shi isa Karmo. Washegari da safe masu shayi sun shirya masa tsiya kala-kala, wani har ya tanadi tambayar ko kifin Maitama ya fi na kasuwa daɗi. Da suka ga fuskarsa sai kowa ya kama kofinsa. Christiana tana ɗinke wandon a ƙofar ɗaki, tana jan allura kamar Hajiya take soka.

"Kada ka koma," ta ce. "Mu koma noma ko a bakin rafi ne."

"In ban koma ba, na zama ɓarawon ke nan. 'Ya'yana a garin nan suke neman aiki. Wa zai ɗauki ɗan ɓarawon batir?"

Ya sa wandon da ɗinkinsa, ya hau mota.

Alhaji Abdulmajeed mutum ne mai sanyin magana, irin waɗanda ke korar mutum kamar suna yi masa addu'a. Yamusa ya same shi a baranda yana shan shayi, Hajiya a gefe, Justice ma an kira shi.

"Yamusa, mun daɗe tare. Ba na son 'yan sanda su shigo ciki. Ka tattara kayanka, mu rabu lafiya."

"Oga, zan tafi. Amma ka ba ni yinin yau. Fitila shida nake so. Oga Justice ya zaɓa mini da hannunsa, waɗanda ya ce na kashe. Shidansa su zauna inda ya sa su. In magariba ta yi nawa ba su kama ba, kira 'yan sandan da kanka."

Justice ya ce wannan ɓata lokaci ne. Alhaji ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Lokacina ne. Zaɓa masa."

Yamusa bai kai su wajen tanki ba. Wuraren da zai sa su ya daɗe da sanin su, tun ranar da aka kawo fitilun ya kafa kara ya duba. Biyu ya dasa a gefen matakala, ta sama da ta ƙasa, inda inuwar mangwaro ba ta isowa sai rana ta kusa faɗuwa. Ɗaya a bakin tafki. Ɗaya a kwanar hanya, ya ja ta taku huɗu daga ƙarƙashin reshe. Ɗaya wajen famfon da masu gadi ke alwala, inda gansakuka ke kayar da mutane. Ta ƙarshe a bakin kwata ta bayan kicin, inda Helen ta taɓa gurɗe ƙafa. Ya goge kowace, ya je ya zauna a kan baronsa inda kowa ke ganinsa, ya naɗe hannu. Ko ruwa bai ba furanni ba ranar, yana jin su suna kallonsa.

Da aka fito daga sallar magariba, Alhaji ya tsaya a baranda da carbi. Ta bakin tafki ce ta fara buɗe ido, sai na matakala, sai sauran. Matakala ta uku ta fito fili, ga ta nan inda take tun shekara sha tara. Na gindin mangwaro da na baranda kuwa suna tsaye kamar turakun awaki.

Helen ta leƙo daga kicin da ludayi. "Oga, wata biyu Baba yana kai su rana a baro. Ni na gani. Ba wanda ya tambaye ni ne."

Justice ya ce to ai yanzu an ɓata dizayin, daga titi ba a ganin komai. Alhaji ya ce masa direba zai sauke shi a bakin hanya. Sannan ya juya ya ce, "Yamusa, ka ci gaba da aikinka. Sauran shidan ma ka sa su inda ka ga ya dace." Ya shige ciki, kamar an gama.

Yamusa bai motsa daga kan baro ba. Aiki ya dawo, amma mutum hamsin sun tafi gidajensu da sunan da aka ba shi, mai babbar riga ma yana can yana ba da labarin burkutu.

Can sai ga Hajiya ta zagayo ta bayan kicin, ta gefen da babu kowa, da leda a hannu. Ta duba hagu ta duba dama, ta rage murya har da ƙyar ake ji.

"Baba Yamusa, ga yadi ka ɗinka wani wandon. Abin da ya faru jiya, a bar shi a nan. Ka yi haƙuri, kada ka ce wa kowa komai."

Yamusa ya dubi ledar bai karɓa ba. Ya miƙe, ya kama hannun baronsa.

"Hajiya, wando Christiana ta ɗinke. Sunana ne ya yage, kuma a gaban mutum hamsin. Haƙurin nan naki ma a gindin mangwaro kika dasa shi. Ki fito da shi rana, inda kika kira ni ɓarawo. In ya yi miki nauyi, ga baro."